Kawu da Tukwanen da Suka Ƙi Yoyo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu kama hanya. Ya rasu a Yamai bayan an gama girbin gero, aka kawo shi gida kamar yadda ya bar wasiyya, aka rufe shi kusa da yayarsa, wato uwata, a garinmu na ƙasar Karofan.

Ranar sadakar uku motoci suka cika bakin gari har awaki suka rasa hanyar tabki. Mutanenmu suka tsaya suna kallo baki buɗe. Abin da suka sani game da shi bai da yawa. Ɗan maginiyar tukwane ne da aka kama aka kai lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin Nasara, saboda masu gari sun ɓoye nasu ɗiyan. Ya yi karatu har Faransa, ya komo yana koyarwa a jami'a, amma duk hutu sai a gan shi tsugune a juji yana tsintar tsingaro. Wani tsoho maƙwabcinmu, wanda ya shekara da shekaru yana kiransa mai lasar kasko, ya dogara sandarsa ya ce, "Kai jama'a! Ashe babban mutum muka yi ta ma dariya?" Liman ya ce masa, "Ba ka makara ba, tsoho. Yi mashi addu'a."

Cikin baƙin akwai wata mace mai tabarau, ɗalibarsa ta fari, yanzu ita ma tana koyarwa a inda ya koyar. Ta shigo wurin mata, ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma, ta yi kuka irin na wadda ta rasa uba. Ta ce takardun gaisuwa sun zo daga ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba. Ta ce duk mai binciken yumɓu ko gawayi a ƙasar nan, ko dai ɗalibinsa ne, ko ɗalibin ɗalibinsa. Sannan ta share hawaye ta ce, "Kowace shekara, ranar farkon karatu, sai ya ba mu labarin tukwane goma sha biyu da ya yi kuskuren lissafinsu a nan garin. Ya ce in shi ya yi kuskure ya ji kunya gaban baƙi, to kowa ya ji tsoron lissafin da bai sake dubawa ba."

Mata suka yi ta gyaɗa kai, don sun tuna ranar. Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. Kawu bai yi kuskuren lissafi ba. Ni na ɓata tukwanen nan da hannuna. Ga ɗiyata zaune kusa da ni, ta miƙe ƙafarta ta hagu da ba ta lanƙwasuwa, ba ta kuwa san daga aikina ƙafar ta samo asali ba. Shi ya sa na ɗauki biro da wannan hannu da bai koyi rubutu ba sai da furfura ta fito. Mutum ya ɗauki kayan wani shekara goma sha, ya kamata a sauke masa kafin ƙasar kabarinsa ta bushe.

Amma bari in fara faɗin wane ne shi.

Karatunsa shimi suke ce masa, wato sanin abin da ke cikin abu. Shi kuma ɓangaren da ya kama, abubuwa ne masu ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani: yumɓun da aka gasa, gawayi, da jan dutsen nan na tudun Adar. Yakan ɗauki guntun gawayi kamar ƙwayar wake ya ce, "Da za a buɗe lungunan cikin wannan a shimfiɗa, sun fi tsakar gidan nan faɗi." Mu ce Kawu ya fara. Yakan ce, "Ba yumɓu ke sanyaya ruwan randa ba, wurin da babu yumɓu ne." Wannan magana na shekara biyar kafin in gane ta.

Lasar tsingaro kuwa gaskiya ce, ba sharri aka yi masa ba. Zai tsinci guntun tsohuwar randa, ya hure ƙura, ya ɗora a harshe. In ya manne, sai ya yi murmushi ya jefa aljihu. Wata rana uwata ta gaji ta ce masa, "Kai, har Faransa ka tahi don ka koyo lasar tsingaro? Da ni ka tambaya, da na hwaɗa maka wace randa ke sanyi ba ka tashi daga zaune ba."

Ya ce, "Yaya, ke kin san wadda ke sanyi. Ni so nike in san don mi."

"Don Allah ya so."

"Gaskiya ne. To, ta wace hanya ya so?"

Ta jefe shi da marfin faifai. Ya kauce yana dariya, da gemunsa da tabarau.

Yana da ɗan sikeli a cikin akwatin katako. Zai auna tsingaro busasshe, ya jiƙa shi, ya sake aunawa, ya rubuta a kaye, wato littafin rubutunsa. Haka zai wuni ƙarƙashin iccen bedi. In ya je ramin da muke haƙar yumɓu, takalminsa yake tuɓewa, ya ce wurin da ya ciyar da uwarsa ba a shiga da takalmi. Ya bi ramukan yumɓu tun daga fadamar Madawa har kwarurrukan Keita, yana cika buhu yana rubuta sunan wuri. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun tsane shi, suna cewa wannan mushe, wato malamin boko, ƙasa yake kai wa Yamai kamar can babu. Abin da ba su faɗi ba shi ne, shekarar da aka yi fari, buhunan da suka tafi da ƙasa da gero suka komo, kuma bai tsaya a gidanmu kaɗai ba.

Yana da zuciya, kada wani ya ce muku waliyyi ne. In ka taɓa masa kaye sai ya yi tsawa kamar an taka masa gyambo. Kuma yana da halin masu karatu: yana ganin in shi ya gane abu, duniya duk ta gane.

A lokacin nan kurkunu ya addabe mu. Rijiyar garinmu takan ƙafe, da ruwan sama ya sauka kowa tabki yake sha. Ka sha bana, baɗi war haka tsutsar ta huda maka ƙafa ta fito, fara sol kamar zare, daidai lokacin da gona ke neman mai noma. Mu a ganinmu ciwo ne na jini, kowa da nasa, damina ce ke tada shi. Ba wanda ya taɓa ce mana a ruwa yake.

Da rani Kawu ya zo ya same ni a wurin gini. Idon uwata ya riga ya yi rauni, ni ke gina tukwanen gidanmu. Ya ajiye gwangwanin tumatir gabana ya ce, "Ɗiyata, tukwane sha biyu nike so. Ki tankaɗe ƙaiƙayin gero ya yi laushi, ki cuɗa cikin yumɓun. Huɗu gwangwani kaza, huɗu kaza, huɗu kaza. Kada ki goge su da dutse, kada ki shafa musu komi. Farkon damina zan zo da baƙi."

Na ce, "Kawu, ƙaiƙayin ga ya yi yawa. Wuta za ta cinye shi."

Ya ce, "Yawwa," ya tashi ya tafi neman mota.

Wannan yawwa ita ce bayanin da na samu.

Na gina su, na danna musu shaidar gidanmu, farce uku ƙarƙashin baki, na gasa. Da suka huce na zuba ruwa in gwada, kamar yadda kowace maginiya ke yi. Sai ga ruwa ɗis, ɗis, ɗis, daga gindin kowace. Duk sha biyun.

Wanda ba ɗan gidan gini ba ne ba zai san abin da wannan ke nufi ba. A wurinmu randa ta yi naso daidai ne, shi ne sanyinta. Amma tukunya ta yi yoyo, wannan zagi ne ga uwar da ta koya maka. Irinta tun a wurin gashi ake fasa ta kafin ido ya gani. Ni kuwa ido ya riga ya gani. Wata maginiya ta unguwar yamma, wadda muke kai kaya kasuwar Buza tare muna harara, ta leƙo ta darni ta ce, "Barka da aiki! Rariya aka koma ginawa gidan ga?" Kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya.

Sai na ce a raina, Kawu mutumin takarda ne, bai san ƙaiƙayi mai yawa na huda tukunya ba. Zai kawo manyan baƙi su tarar da wannan, ya ji kunya, ga shaidar gidanmu a jiki. Na dafa dusa da ƴaƴan bagaruwa har ta yi kauri, na juye a ciki, na bi da ruwan yumɓu mai laushi, na shanya. Sau uku na yi haka. Ciki kaɗai na shafa, na bar wajen da kaushinsa yadda ya ce. Na daɗe ina gaya wa kaina taimakonsa na yi. To, da ban san laifi nake yi ba, me ya sa na ɓoye shi a ciki?

Farkon damina ya zo da ɗalibai biyu, da wani abokin aikinsa Nasara, da wani babban ma'aikaci daga Tawa wanda in abin ya yi kyau zai sa a yaɗa shi a garuruwa. Aka ɗora kowace tukunya a bakin randa, aka ɗebo ruwan tabki ja wur aka cika su. Sai a lokacin na ji Kawu yana bayani, da Faransanci ga baƙi, da Hausa ga mai gari: ruwan zai bi ta ƙofofin da ƙaiƙayi ya bari ya ɗiga cikin randa, abin da ke kawo kurkunu ya maƙale a sama.

Sai a nan na gane. Yoyon shi ne aikin.

Aka zauna jira. Hantsi ya yi, rana ta take, aka yi azahar. Kawu ya ɗaga wannan ya leƙa, ya ɗaga waccan ya leƙa. Randuna sha biyu busassu ƙayau. Ya ɗora harshe a bayan wata tukunya, ta manne, ya tsaya yana kallonta kamar ɗansa ya yi masa ƙarya. Jama'a suka fara dariya ƙasa ƙasa. Babban ma'aikacin ya duba agogo ya ce hadari na haɗuwa, kada gulbi ya tare musu hanya. Ina tsaye a bakin zaure, kalma ɗaya ta isa, ban faɗe ta ba.

Mota ɗaya ta kawo su, dole ya bi su. Ya ce in ajiye masa tukwanen. Da ya juya baya na farfasa su, na daka, na zuba cikin sabon yumɓu kamar yadda muke yi da tsingaro. Da ya aiko a kai masa guda, na ce a gaya masa gidanmu ba ya ajiye abin da ya kunyata shi.

Shekara guda ya yi yana neman kuskuren da babu. A Yamai ƙananan da ya gasa da kansa suna ɗiga lafiya. Sai ya ɗauka wutar karanmu ce ta fi abin da ya lissafa zafi, ta narke ƙofofin. Mu kuwa daminar nan muka sha tabki yadda muka saba.

Da damina ta zagayo, kurkunu ya fito wa ɗiyata a gwiwa. Tana da shekara takwas. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, tsutsar ta tsinke a ciki. Kawu ya zo hutu ya tarar da ita kwance. Jikarsa ce, abokiyar wasansa, amarya yake ce mata. Ya zauna bakin tabarma yana wanke mata ciwon da kansa, yana cewa, "Amarya, haka za ki yi mini? Wa zai daka mini hura?" Ta ce, "Tsohon miji, je ka nemi mai ƙafa biyu." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce, ba da ni yake ba, da ƙasa yake magana, "Da lissafina ya yi daidai bara, da yanzu tana tsalle."

Nan na kasa daurewa. Na ce ya zo bayan rumbu. Rana tsaka ce, kowa na gona. Na faɗa masa duka, dusa da bagaruwa da dakan tsingaro.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Na ce maki kada ki shafa komi."

"Ka ce."

"Shekara guda! Kin bar ni ina tona takardu, kin bar gari shina shan tsutsa, don kada a ce maki mai rariya?"

Laifi ya kama ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Ƙwarai na yi, Allah na gani. Amma kai, Kawu, Nasara ka yi ma bayani, ka yi ma mai gari bayani, ni da hannuna ke cikin yumɓun gwangwani ka aje mini kamar an aza ma jaka kaya. Kai ɗan maginiya ne. Ka san mi yoyo ke nuhi gidan ga. Mi ya hana ka buɗe baki ka ce yoyon nike so?"

Ya ɗauki jakarsa ya fita gari a ƙasa, ko yayarsa bai yi wa sallama ba.

Kwana tara ya yi. Rana ta goma ya komo da wani ƙarfe mai gilashi da ake leƙawa da ido ɗaya. Ya ɗebo ruwan tabki, ya ɗiga a ɗan gilashi, ya ce, "Zo ki gani." Na leƙa. Ga wasu ƴan halittu suna zillo, farare, masu gashi. Ya ce su ke ɗauke da ƙwan tsutsar. Ya nuna mini girmansu, ya nuna mini ƙofar tukunya ta fi su ƙanƙanta. Ya yi ta bayani har la'asar, ya amsa duk tambayar da na yi, har ta wauta. Da ya gama ya ce, "Wannan ya kamata in yi bara." Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Na ce zan je gaban mai gari in faɗi gaskiya. Ya ce, "Ba za ki ba." Ya nuna ɗakin da yarinyar ke kwance. "Gwiwar nan ba za ta koma daidai ba, na gani. Ƙafa ɗaya ta rasa. Kada ki sa ta rasa uwa. Ni an saba yi mini dariya."

Muka sake ginawa. Wannan karon da maginiyar yamma ta leƙo ta ce rariya, na ce, "Rariya ce, ki kawo ƙwaryarki gobe." Ruwan ya ɗiga garau kamar na rijiya. Ba zan ce kurkunu ya bar garinmu rana ɗaya ba, don mai noma in ƙishi ya kama shi a daji ba ya jiran tukunya. Amma gidajen da suka riƙe ta sun ga bambanci, har mata suka riƙa zuwa daga wajen Azarori su koyi awon ƙaiƙayi. Babban ma'aikacin nan bai sake dawowa ba, abin bai yaɗu da hannun hukuma ba, da ƙafar mata ya yaɗu. Ɗalibansa suka riƙa zuwa duk hutu, kuma doka ya kafa musu: ba mai ba maginiya awo sai ya zauna ya gaya mata dalili, ta maimaita masa da bakinta. Don in riƙa rubuta awon ne na shiga karatun yaƙi da jahilci. In ya duba kayena ba ya gyara mini baƙi ko ɗaya, lamba kawai yake bi da yatsa.

Zuwansa na ƙarshe ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Muna zaune ƙarƙashin bedi na ce, "Kawu, ka sake ni. Abin ga ya yi mini nauyi."

Ya ce, "In na mutu bakinki naki ne. Amma da ita za ki fara, ba da takarda ba."

Bayan sadakar arba'in na tafi gidan ɗiyata. Na same ta tana tankaɗen ƙaiƙayi, don ita ma ta gaji ginin, goyonta na barci a baya. Ban yi kwana-kwana ba. Na faɗa mata kamar yadda na rubuta a nan. Na ce Allah kaɗai ya san ko da tukwanen sun yi aiki za ta tsira, amma ni na toshe su, kuma na yi shiru.

Ba ta daina tankaɗe ba. Sannan ta ce, "Ranar da za a kai ni ɗaki, Kawu ya kira ni ni kaɗai. Ya duƙa, da girmansa, ya kama gwiwar nan ya ce in yafe mashi. Na ce na yafe. Ya ce a'a, in ce na yafe ma duk wanda ke da hannu, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ya sa na hwaɗa sau uku. Na zaci rikicin tsufa ne."

Ta ajiye rariyar, ta dube ni ido cikin ido, irin kallon gidanmu.

"Na riga na hwaɗa, Inna, gaban shaida. Ba ni janyewa. Amma ki ba ni kwana biyu kada in ga huskarki."

Na ba ta. Yau kwana na biyu ke nan, da su na rubuta wannan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi ruwan da ba ya bukatar tacewa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu bakin faɗin gaskiya tun tana da amfani.